Damagaram da Raya Gari Mai Ƙarancin Hayaƙi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke yawan dawowa duk lokacin da aka tayar da zancen raya gari ba tare da ƙara wa sama hayaƙi ba, a fadar shayi, a taron unguwa, a bakin masu shirin aza harsashi da kuma ɗaliban Jami'ar André Salifou. An fara da masu sauƙi. Inda wata amsa ta taɓo zancen wata, an nuna inda za a duba.

Me ake nufi da gari mai ƙarancin hayaƙi?

Duk abin da aka ƙona, fetur ne ko gazuwal, itace ko gawayi, yana sakin iskar kabon wadda ido ba ya gani. Tana taruwa a sama tana riƙe zafin rana, ita ce ta jawo sauyin yanayin da ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a kansa a birnin Paris a 2015, har da Nijar. Gari mai ƙarancin hayaƙi shi ne wanda mutanensa ke girki, su samu ruwa, su je kasuwa su dawo, su yi barci da bazara, ba tare da an ƙona abu mai yawa ba.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu shi ne girman da garin ke yi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 300,000 a gundumomin Damagaram biyar, ta kuma nuna al'ummar ƙasa na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato tana ninkawa kafin shekara ashirin. Ke nan mafi yawan gidajen da jikokinmu za su zauna ba a gina su ba tukuna. Inda aka yanka fili yau, da abin da aka yi bango da shi, da inda aka bi da ruwan sama, da su za a zauna shekara hamsin.

Mu da ba mu da masana'antu, don me za a ɗora mana gyaran ɓarnar da wasu suka yi?

Mai wannan tambaya yana da gaskiya. Idan aka raba kabon da Nijar ke fitarwa daga mai da lantarki, rabon kowane ɗan ƙasa kusan kashi ɗaya cikin goma na tan guda ne a shekara. Na Ba'amurke ya haura tan 13. Afirka baki ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Ko da an kashe kowane murhu a Damagaram gobe, zafin duniya ba zai ragu ba. Wanda ya ce uwargida ta daina tuƙa tuwo don ta ceci duniya, a bar shi da zancensa.

Dalilinmu daban ne. A gari irin namu, abin da ke rage hayaƙi shi ne kuma ke rage kashe kuɗi da wahala: ɗakin da ba ya buƙatar na'urar sanyi, gidan da ke kusa da kasuwa, famfon da ba ya tsayawa don an ɗauke wuta. Ga kuma waɗanda suka riga mu. A Delhi akan rufe makarantu wasu ranakun hunturu saboda yara ba sa iya shaƙar iskar. Jakarta na nutsewa saboda zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa, har Indonesiya ta fara gina sabon babban birni. Legas kuwa ba sai an ba kowa labarin cunkosonta ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To ina hayaƙin Damagaram yake fitowa?

Na farko murhu, domin har yau itace da gawayi ne ke dafa abincin mafi yawan gidaje. Sai babura da adaidaita da manyan motocin da ke ratsa garin zuwa Diffa, Agadez da iyakar Najeriya. Sai injin gurup idan an ɗauke wuta, da jujin da ake cinna wa wuta da yamma. Akwai kuma wanda ba a gani nan, domin a wani wuri aka fitar da shi: na simintin da muke saye. Kowanne yana da amsarsa a ƙasa.

Ana ta yaba ginin laka. Wannan ba mayar da mu baya ba ne?

Ka shiga wani tsohon soro a Birni da ƙarfe biyu na rana a watan Mayu, ka fito ka shiga shagon bulo mai rufin tol, jikinka zai ba ka amsa. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafi a hankali, kafin ya ratsa zuwa ciki rana ta faɗi. Magina na da sun san aikinsu: a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a jera azarar giginya, a ɗaure baka idan ɗakin na da faɗi, a yi wa waje makuba. Irin wannan gini ne ya sa aka saka Birni da fadar Sarkin Damagaram a jerin wuraren tarihi da ke jiran amincewar UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2006.

Siminti kuwa sai an gasa dutse a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma dutsen kansa yana sakin kabon yayin da yake gasuwa. Shi ya sa siminti kaɗai ke da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kabon duniya. Namu kuma sai an ɗauko shi ɗaruruwan kilomita, daga Malbaza ko daga Najeriya. Ba a ce a daina amfani da shi ba. Harsashi na son siminti, masai na so, kanibo na so. Amma bango mai ɗaukar rufin ɗaki ɗaya ba dole ne ya zama siminti tun daga ƙasa har sama ba.

Kuma laka ta yau ba lallai irin ta kaka ba ce. Akwai bulon ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti kaɗan, yana fita da kusurwa tsaf. Da shi Mariam Issoufou da abokan aikinta suka gina rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000 a Yamai, da masallacin Dandaji a jihar Tawa. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar laka a ƙauyensu Gando, ya samu babbar lambar masu zanen gini ta Pritzker a 2022. Tun 1986 ma masallacin Yama, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar Aga Khan. Abin da ke kashe laka a wurinmu kunya ce: saurayi na tsoron a ce ya kai amarya ɗakin ƙasa.

Amma ai masallacin Birni ya rushe, gidajen laka sun faɗa wa mutane. Wa zai yarda da laka bayan 2024?

Wannan tsoro ba na banza ba ne. Damanar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin ƙasa, ta taɓa fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, kuma da yawa cikin waɗanda suka rasu gini ne ya faɗo musu. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya zube mutane na kallo suna salati. Wanda ya tono ɗansa daga ƙarƙashin bango ba za a zo masa da lissafin kabon ba.

Sai dai a duba yadda bangon laka ke faɗuwa. Yawanci daga gindi ne. Ruwa ya kwanta a lungu kwana biyu, gindin ya jiƙe ya yi laushi, nauyin sama ya kayar da shi. Me ya sa ruwan ke kwanciya? An ɗaga titi ya fi ƙofar gida tsawo. Maƙwabci ya yi dandamalin siminti ya juyo da ruwansa. Leda ta toshe kanibo. Tafkunan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, waɗanda su ne mazubar ruwan unguwa, an cike wasu da shara an yi gini a kai. Ga kuma yaɓen shekara da aka bari, ko aka maye shi da shafen siminti a kan ƙasa, wanda ke riƙe danshi a ciki har ya ɓamɓare da naman bangon.

Maganin magina sun san shi. A yi harsashi da dutse da siminti har ya kai gwiwa, dutse kuwa ba shi muka rasa ba a Damagaram. A sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gindi. A duba rufi a yi yaɓe kafin ruwan farko. Wanda ba zai iya wannan kulawa ba, ko filinsa a kwari yake, ya nemi wani abin gini, ko ma wani filin. Duba amsar da ke kan sabbin filaye.

Na riga na gina da bulo da tol. Da bazara ɗakin tanderu ne. Akwai abin yi?

Akwai, Alhaji, kuma bai kai kuɗin na'urar sanyi ba. Fara da rufi, domin ta nan yawancin zafin ke shigowa. Farin fenti a saman tol yana mayar da hasken rana maimakon ya shanye shi. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane da yawa, ya fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, kuma shafa wa rufin talakawa fari na cikin abin da suka yi daga baya. Ƙurar hunturu za ta dusashe shi, sai an wanke ko an sabunta. Bayan haka filafon, amma a bar ƙofofin iska tsakaninsa da tol, in ba haka ba zafin zai taru ya sauko da dare.

Sai bangon yamma, wanda ke shan ranar la'asar. Rumfar zana ko itace guda a gabansa na canja ɗakin. A buɗe taga biyu masu kallon juna, ɗaya ta fi ɗaya kusa da rufi, don iska mai zafi ta samu mafita. Fanka kuwa abin da take ci na wuta bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na'urar sanyi ke ci ba.

Malam, ni mai girki ce. An ce mu koma gaz, an kuma ce gaz ɗin ma daga man fetur yake. Wanne za mu kama?

Hajiya, kama gaz in da hali. Gaskiya ne daga ɗanyen mai yake, kuma yana fitar da kabon. Amma idan itacen da ake sara ba ya samun mayewa, kabon ɗinsa ma sama yake tafiya, ga baƙin hayaƙi, ga daji na ƙarewa. Dubi motocin itace yadda suke ƙara nisa kowace shekara. Sannan ga ƙirjinki da na yaron da ke goye: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara. Mu kuma gaz ɗin a bayan gidanmu ake yin sa. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 kimanin kilomita 50 arewa da gari, tana tace ganga 20,000 a rana, kuma gaz na cikin abin da take fitarwa.

Matsalar kowa ya san ta. Itace ana saye na yau, da ɗan abin da ke hannu, gaz kuwa sai an tara kuɗin butali da kansa, sannan kuɗin cikawa a dunƙule. Wani lokaci kuma yana ƙaranci a gari, a yi ta yawo da butali a bayan babur. Indonesiya a 2007 da Indiya a 2016 ta nan suka ɓullo wa abin: gwamnati ta ɗauki nauyin shigar farko ga talaka. Kafin mu kai nan, adashi na iya sayen butali ɗaya bayan ɗaya. Tukunyar biki da ta makarantar allo kuwa itace za su ci gaba da ci, sai a nema musu murhu mai tattali, irin Mai Sauƙi na ƙarfe ko Albarka na laka, waɗanda aka sani a ƙasar nan tun shekarun 1980.

Gawayin ƙasa da ake haƙowa wajen Cirozerin yana ceton itatuwa, amma ta fuskar kabon yana cikin mafi nauyi. Kada a rikita su.

Pano na rana zai iya riƙe gida? Wasu sun saya sun yi da-na-sani.

Rana dai ba mu rasa ta ba, fiye da awa 3,000 a shekara. Farashin pano ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Kuma mun ga darasin 2023: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da ke kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, Damagaram da Maraɗi kuwa layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa suke dogara da shi. Sai a farkon 2024 aka ɗage takunkumin da ya jawo yanke wutar. A wannan tsakani mai pano ne ke cajin wayar unguwa.

Masu da-na-sani yawanci batir ne ya ci su. Batir na dalma ba ya jure zafi, kuma idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare ba ya daɗewa. Na litiyom ya fi tsada, ya fi daɗewa. Sai ƙura: pano da ba a gogewa da hunturu yana rasa ƙarfi sosai, a goge shi da sassafe kafin ya yi zafi. Sai siyan ido rufe, a haɗa firigo da dutsen guga a kan abin da aka auna don ƙwai huɗu da fanka. A lissafa kayan gida tukuna, sannan a sayi pano. Inda ya fi riba ma shi ne aikin da ake yi da rana tsaka ba tare da batir ba, kamar jan ruwa a foraj. Manyan tashoshi kuma an fara: Malbaza mai megawat 7 a 2018, Goru Banda ta Yamai mai megawat 30 a 2023.

Matsalarmu ruwa ce. Me ya haɗa ta da hayaƙi?

Damagaram a kan dutse take zaune, ruwa ba ya taruwa a ƙarƙashinta. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa, kuma kowace lita inji ne ke tunkuɗo ta. Shi ya sa idan wuta ta tafi ruwa ke bin ta, ƴan ga-ruwa su ƙara wa bidon kuɗi. Bututun da ke yoyo a titi, wuta ce ke zuba tare da ruwan.

Abin takaici, garin da ke layin bidon a watan Afrilu shi ne ke iyo a watan Agusta. Ruwan sama a nan yana kai wa wajen milimita 400 a shekara. Rufin da ya kai murabba'in mita 100 yana karɓar lita 40,000 ke nan, bidon 1,600 mai lita 25. Ba duka za a kama ba, kuma ba tankin da zai riƙe na shekara. Amma a nan tol ya yi rana: da maƙwararo a bakinsa da tanki mai murfi, an samu na wanki da na bayi duk damana, an kuma rage wanda ke cin gindin bangon maƙwabci. A bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube. Tanki ba murfi kuwa gidan sauro ne.

Me ya sa ake sukar sabbin filayen bayan gari? Ai kowa na son nasa gida.

A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, domin murhu ana iya canja shi gobe, titi kuwa inda aka shata shi nan zai zauna. Dubi Birni da Zango. Gidaje jingine da juna, lungu mai inuwa, masallaci da mai shago da makarantar allo duk a ƙafa. Dubi kuma sabon lotisma: parsel bayan parsel an kewaye da katanga an rufe, mai shi yana Yamai ko Kano, ya ajiye kuɗinsa ne a ƙasa. Gida ɗaya a nan, ɗaya can. Kafin bututu da waya su kai ga mutum goma sai sun wuce kangaye hamsin, saboda haka ba sa zuwa. Mazauna wurin su sayi ruwa da tsada, su sayi gurup, su sayi fetur safe da yamma don kai yara makaranta. Filin ya yi araha ranar saye, amma ana biyan cikon kuɗinsa kullum a gidan mai. Gonar geron da ke wurin kuma ta tafi.

Ba laifin mai saye ba ne kaɗai. Yanka filaye ya daɗe yana cikin hanyoyin da meri ke samun kuɗi a garuruwan ƙasar nan, kuma hukumar da ke neman na albashi ba ta cika tambayar ko wurin hanyar ruwa ne ba. Abin da ya kamata shi ne a fara cike kangayen cikin gari, a sa haraji mai ɗan ciwo a kan filin da aka bari shekara da shekaru, kuma kafin a sayar da parsel ko ɗaya a ware hanyar ruwa, da tafki, da filin makaranta da na kasuwa, a kuma hana taɓa su. Curitiba ta Brazil ta tsara cewa gini mai tsawo a bakin hanyar bas zai tsaya, garin ya bi hanyar ya girma. A Niamey 2000 gidaje shida masu bene aka fitar a wuri ɗaya, kowanne da tsakar gidansa da sirrinsa.

Mai shirin saye kuwa, ya je ya ga filin a watan Agusta bayan an yi ruwa, ba a watan Maris ba.

Za a hana kabu-kabu da adaidaita ne a kawo manyan bas?

Babu dalilin haka. Bas mai hanyarta ita kaɗai, irin ta Bogota tun 2000, ta Legas tun 2008, ko ta Dakar mai aiki da lantarki tun 2024, ta biranen miliyoyi ce. Damagaram ba ta kai nan ba, kuma kabu-kabu na ciyar da gidaje da yawa. Adaidaita mai mutum huɗu ma ta fi babur huɗu tattalin mai. Abin da za a iya yi yau shi ne a ware faɗin hanya tun kafin a gine ta, a yi wa mai tafiya da ƙafa da mai keke gefe mai inuwa. Yaron da ke tafiya makaranta a ƙafa ba ya ƙona komi, sai dai ba wanda ya taɓa yi masa hanya.

Babur mai lantarki na tafe. A Kigali da Kwatano ƴan babur na shiga tasha su ajiye batir da ya ƙare su ɗauki cikakke. Ribar ɗan kabu-kabu a bayyane take, balle tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 man ruwa-ruwa ya daina araha. Amma idan da gurup za a yi cajin, an dai matsar da hayaƙin ne daga titi zuwa bayan shago. Tashar caji tana son pano, duba amsar da ke kan wutar rana.

Kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa. Ina suke?

Awaki sun ci wasu, bazara ta kashe saura. Dasawa aikin safiya ɗaya ne, rainon kuwa shekara uku. Abin mamaki, babban darasin yana jiharmu. Manoman Mirya, Magarya da Matamai, da na Maraɗi, tun daga shekarun 1980 suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa a gona, suna sassabe shi su bar reshe ɗaya ko biyu ya tashi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200, mafi yawa a wajenmu gawo. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne.

A gari ma haka. Itacen da aka dasa a ƙofar mai shago, aka ce nasa ne, aka yi masa shinge, yana rayuwa. Na tsakiyar titi da ba mai shi, ba ya kai wata damanar. Ruwan alwala na masallaci ɗaya ya isa rainon itace da yawa idan aka ja masa ɗan rami zuwa gindinsu. Dogon yaro na saurin inuwa, amma kada a kusanta shi da harsashi ko ramin masai, kuma a haɗa da tsamiya, da cediya, da aduwa don kada cuta ɗaya ta share titi. A Medellin ta Kolombiya, hanyoyi 30 da aka jera wa itatuwa sun rage zafin gari da kusan digiri 2.

Shara da leda fa?

Dokar hana leda mara kauri tana nan tun 2014, ledar ma tana nan, a kan ƙaya, a cikin kanibo, a tumbin akuya. Ƙasar Ruwanda ta hana a 2008 ta kuma tsaya a kai. Kafin mu kai nan, abu ɗaya ya fi gaggawa: a daina cinna wa juji wuta, domin hayaƙin roba guba ne.

Yawancin abin da ke cikin sharar gidan Bahaushe ƙasa ce, da toka, da kashin dabba, da ɓawon kayan miya. Manoma sun daɗe suna kwasarta da amalanke zuwa gona. Leda da mataccen batir ne suka ɓata wannan tsohon ciniki. Idan aka ware su tun daga tsakar gida, saura taki ne da masu lambun Mirya za su so.

Wa zai biya duk wannan? Ina kuɗin yanayin da ake ta faɗa a rediyo?

Ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara a Kopenhagen a 2009, ba su cika shi a kan lokaci ba. A Masar a 2022 aka amince da asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa. A Baku a 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300. Hakkinmu ne a nema, amma kaso mai yawa bashi ne, kuma hanyarsa daga can zuwa kanibon Garin Malam doguwa ce. Masu zuwa da zancen sayen kabon na murhu ko na itace kuwa, wato su biya kuɗi a kan hayaƙin da aka rage, a tambaye su tun farko nawa ne rabon unguwa, shekara nawa aka ɗaure ta, kuma a rubuce.

Abin da ya fi kusa shi ne kuɗin da ake kashewa dama. Lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018 an yi tituna da gine-gine, kuma kowa ya ga cewa yin abu daban, kula da shi daban. Fitilar titi mai aiki da rana tana son wanda zai goge ta ya canja mata batir, kanibo yana son yasa kafin damana. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun gundumomi, kantomomi ke riƙe da garuruwa. Ko wane ne a kujerar, tambayar da mai unguwa zai yi masa ita ce nawa aka ware wa gyara a kasafin bana.

Ni ɗan haya ne, ba ni da fili ba ni da bango. Me ya rage mini?

Abin da za ka iya ɗauka ka tafi da shi: butalin gaz, ƙwan lantarki mai tattali, ƙaramin pano da fankarsa, randa a inuwa. Lokacin neman ɗaki, lissafa kuɗin babur na wata ka haɗa da na haya kafin ka ce na bayan gari ya fi sauƙi, kuma dubi gindin bango ko akwai tabon ruwan bara. Fentin rufi da filafon kuwa gyaran gidan mai gida ne. Ka same shi ku yi magana a cire kuɗin daga haya wata-wata, a gaban mai unguwa ko shaidu biyu, a rubuta kafin ka sayi gwangwanin fenti.